Dama ce ta karye, hagu aka tsaga

Wasiƙar wannan mako daga nan Yamai ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Baba Majo, barka da aiki. Ƙanena ɗan shekara 27 ne, kabu-kabu yake yi a Tawa. Mota ta buge shi, cinyarsa ta dama ta karye. Inna ta kai shi wurin maɗori, ya yi mako uku ba sauƙi, sai na sa aka kawo mini shi Yamai. A wani asibiti aka ce sai an sa masa ƙarfe cikin ƙashi, ni na sa hannu. An shiga da shi ƙarfe 9 na safe, ba a fito da shi ba sai wajen 3 na rana. Da dare ya dinga ihu, wai ƙafarsa ta hagu, wadda ko ƙwarzane ba ta da shi. Ma'aikacin jinyar da ke kwana ya ce gajiyar kwanciya ce, ya yi masa allura. Da gari ya waye sharaɓar ta yi tauri kamar icce, fitsarinsa ya yi baƙi. Likita ya zo ya ce a koma ɗakin tiyata yanzu-yanzu. Kawu ya ce a jira Inna ta iso daga Tawa, ni kuwa na sake sa hannu. Suka tsaga ƙafar gefe biyu, daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu, suka bar ta a buɗe kwanaki, daga baya suka ɗebo fata daga cinya suka rufe gefe guda. A takardar sallama sun rubuta syndrome des loges. Yau mako shida ke nan. Ciwon ya kama warkewa, amma ƙafar ba ta ɗaguwa, jan ƙasa take yi, kuma ba ya jin taɓi tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kawu ya ce likitoci kuskuren ƙafa suka yi suna ɓoyewa, a kai ƙara. Inna ta ce jifa ne, a mayar mata da ɗanta gida a yi masa gashi da matsa. Abu ɗaya suka haɗu a kai, wai ni na miƙa shi aka yanka. Ba na barci. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ni na jawo masa? Zai sake takawa?"

Ɗana, Allah ya ba shi lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da alherin zumunci.

Bari in fara da abin da ke hana ka barci. Sa hannun nan na biyu, wanda ake goranta maka, shi ne dalilin da ya sa yau ƙanenka yake da ƙafar hagu da ake gardama a kanta. Daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500 ne, ta Ƙonni, ta Dogon Dutsi, ta Dosso. Ko a lokacin Inna ta samu mota, ba za ta iso ba sai dare. Tsoka kuwa ba ta jira haka. In jini ya yanke mata, tana iya jure wajen awa huɗu ta farfaɗo, daga awa shida ta fara mutuwa, in an wuce takwas abin da ya lalace ya lalace ke nan. Da ka bi maganar Kawu, da yanzu wasiƙarka a kan yanke ƙafa take, ko a kan wankin ƙoda, ko abin da ya fi haka muni. Ka riƙe wannan da kyau, don sauran maganar da zan yi ba duka ce mai daɗi ba.

Ka taɓa tsayawa wurin mahauci yana gyaran cinyar saniya don kilishi? Akwai wani farin tantani mai sheƙi da ya lulluɓe tsoka, sai ya sa wuƙa yake ɗaye shi. Kama shi ka ja, ba ya miƙewa. Mu ma haka Allah ya yi mu. Tsakanin gwiwa da idon sawu, wannan tantani da ƙasusuwan ƙwauri biyu sun raba naman ɗaki huɗu: ɗaya a gaba, ɗaya a gefen waje, biyu a baya, wani kan wani. Kowane ɗaki da tsokokinsa, da hanyoyin jininsa, da jijiyar da ke kai ji da motsi. Kalmar loges da ka gani a takarda, ɗakunan nan take nufi. Tsoka tana zaune a ciki kamar takobi cikin kube, daidai wa daida, ba sarari. In ta kumbura ba ta da inda za ta, sai ta matse kanta. Ƙananan hanyoyin jini su ne ke fara toshewa, tsoka ta ƙara shan yunwa, ta ƙara kumbura, matsin ya ƙaru. Haka abin yake cin kansa har naman ya mutu. A lafiyayyar ƙafa matsin cikin ɗakin bai kai 10 ba, a ma'aunin da tansiyon mutum yake zama 120 da 80, wato abin da muke cewa 12 da 8. In ya doshi 30 likita ba ya zama. Magani guda ne, a tsaga kuben tun daga sama har ƙasa, naman ya samu numfashi. Tsagi biyu, ɗaya waje ɗaya ciki, su ake buɗe ɗaki huɗun da su, kuma haka ake yi a Yamai, haka ake yi a Faransa. Ba a ɗinkewa nan take, don in ka ɗinke ka mayar da matsin da ka cire.

Mutanenmu sun san wannan ciwo, suna ne kawai ba su ba shi ba. Yaro ya faɗo daga bisa icce ya karye a hannu, a ɗaure shi da kara tamau, ya kwana yana kuka, a ce haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Bayan wata biyu a kwance, hannu ya ƙanƙance, yatsu sun lanƙwashe kamar ƙafar shaho. Wani likitan Jamus, Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, har yau da sunansa ake kiran irin wannan shanyewar hannu. Abin da ya samu ƙanenka ɗan'uwan wannan ne. Bambancin kawai, shi ba kara ne ya matse shi ba.

To me ya matse ƙafar da ba ta karye ba? Kwanciyar da aka yi masa a kan teburin tiyata, da tsawon lokacin da ya yi a haka. Na san wannan zai yi wa mutanen gida wuyar haɗiya, don haka bari in kai ka cikin ɗakin. In za a zura ƙarfe cikin ƙashin cinya, akan ɗora mutum kan wani tebur na musamman. Karyayyar ƙafa a sa ta cikin takalmi a ja ta ta miƙe. Sai kuma na'urar hoton ƙashi, mai siffar jinjirin wata, wadda dole ta zagaya cinyar ta haska ta gaba da ta gefe, don likita ya ga inda ƙarfensa ya nufa. Ɗaya ƙafar tana tare mata hanya. Shi ya sa ake ɗaga lafiyayyar sama, a lanƙwasa ta a ƙugu da gwiwa, a ware ta gefe, a ɗora sharaɓar kan wani mariƙi a ɗaure, kamar yadda ake ɗaga ƙafar mace a gadon haihuwa. Daga nan a rufe ta da zane, kowa ya koma kan cinyar da ta kawo shi.

Kai ɗan Yamai ne, ka san yadda ruwan famfo yake yi lokacin zafi. In ƙarfinsa ya ragu, na ƙasa yana samun ɗan ɗigo, na kan bene ko iska. Jini ma haka ne. Duk santimita 10 da aka ɗaga ƙafa sama da zuciya, ƙarfin jinin da ke isa can yana raguwa da kusan 8, a ma'aunin nan na 120 da 80. Ɗaga ta santimita 40, ka cire wajen 30. Ga shi kuma maganin barci yana saukar da tansiyon, jinin da ake zubarwa wurin aiki yana ƙara saukar da shi, wanda ya shigo da 12 da 8 sai ka gan shi a 9 da 5. Ga nauyin ƙafar kanta ya danne sharaɓa kan mariƙi. Ni da kai in mun daɗe a zaune kan tabarma ƙafa ta yi tsami, sai mu gyara zama ba tare da mun ma sani ba. Wanda aka sa barci ba ya da wannan gata. Inda aka ajiye shi nan yake, awa ɗaya, awa uku, awa shida. Na yi shekaru ina tsaye ta wajen kan majinyaci, ido kan numfashi da tansiyon, kuma ina gaya maka ƙafar da ke ƙarƙashin zane ita ce aba ta ƙarshe da ke faɗo wa mutum a rai in aiki ya rikice.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne, kumburin ba a kan tebur yake fitowa ba. Sai an sauke ƙafar, jini ya dawo da ƙarfinsa cikin hanyoyin da yunwa ta riga ta raunana, su kama tsiyaya kamar tsohuwar salka, ruwa ya cika ɗakin. Shi ya sa aka fito da shi ƙarfe 3 ba abin da ido zai gani, ihun bai fara ba sai dare.

Ba a kan ƙanenka aka fara ba. Tun 1979 likitocin mafitsara a Amurka suka ba da rahoton irinsa, kuma ana ganinsa a dogayen ayyukan hanji, da na mahaifa, da na mafitsara, duk inda ake ɗaga ƙafafu a daɗe, balle in an karkata tebur kai ya yi ƙasa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum 1 cikin 3,500 na waɗanda aka yi wa aiki a wannan kwanciya, haɗarin kuma yana hawa sosai in an wuce awa huɗu. Mai ƙiba yakan same shi a ɗuwawu in ya daɗe a rigingine, wanda aka kwantar ta gefe yakan same shi a hannun da ke ƙasa. Mai ciwon suga, da mai shan taba, da mai toshewar hanyoyin jini sun fi shiga haɗari. Abin mamaki, saurayi mai cikar sharaɓa ma yana cikinsu, don kubensa dama a cike yake.

Akwai wata magana da zan faɗa maka kai kaɗai. Karayar cinya sabuwa ba ta cika cin awa shida a tebur ba, sau da yawa awa biyu ta isa. Wadda ta yi mako uku wani abu ce daban: tsokoki sun ja sun gajarce, ƙashi ya fara kamawa a karkace, sai an buɗe an fasa an daidaita, jini ya fi zuba. Makonnin nan na wurin maɗori suna da hannu a tsawon aikin. Amma ban yarda ka mayar da wannan makami a kan Inna ba. Abin da ta sani ta yi, irin wanda aka yi wa iyayenta. In kuka fara jifan juna da laifi, wanda ke kwance shi zai rasa mai ɗaga shi.

Maganar Kawu ta kuskuren ƙafa ba ta da wuyar warwarewa. Ɗauko hoton cinyar dama na bayan aiki, ka ɗaga shi ga haske, ka nuna masa ƙarfen yana kwance cikin ƙashin da ya karye. Da kuskuren ƙafa ne, da a ranar farko za a yi shi, kuma a cinya, inda ake zura ƙarfe. Wannan kuwa washegari aka yi, a ƙwauri, bayan kai kanka ka ga ƙafa ta yi tauri.

Sai dai Kawu bai yi kuskure duka ba da ya ji a jikinsa akwai abin tambaya. Wurin tambayar ne ya ɓace masa. Wuri na farko teburin ne. Akwai dabarun rage wannan haɗari. Likitocin tiyata na Ingila sun fitar da shawara a 2019 cewa in aiki zai daɗe, a riƙa sauke ƙafafu aƙalla minti 15 bayan kowace awa huɗu, kuma kada a ɗaga su sama da zuciya sai lokacin da aikin ya tilasta. Masu aikin ƙashi da yawa ma sun daina ɗaga lafiyayyar ƙafa, sukan miƙe ta su yi ƙasa da ita, ƙafafun su zama kamar almakashi, na'urar hoto ta samu hanya. Duk da haka ciwon yana iya zuwa ko an kiyaye, don haka zuwansa kaɗai bai isa a ce an yi sakaci ba.

Wuri na biyu shi ya fi tsaya mini a rai, daren nan. Alamar farko ta wannan ciwo ita ce zogi wanda ya wuce hankali, wanda allura ba ta kwantar da shi, wanda in ka kama yatsun ƙafar ka lanƙwasa sai mutum ya zabura. Namijin da ya jure karayar cinya mako uku, in ya kwana yana ihu kan wata ƙafa daban, ya cancanci a yaye zane a taɓa ƙafar, a kira likita. Na san yadda ake ruɗuwa. Hankalin kowa yana kan wadda aka yi wa aiki. Bugun jini a bayan ƙafa yana nan lafiya har sai abu ya yi nisa, don babbar hanyar jini ita ce ta ƙarshe da ke toshewa, sai mai dubawa ya ji bugu ya ce ba komai. Wani ya ɗauka gudan jini ne ya toshe hanyar jini. Wani ma har ya ɗora ƙafar kan matashi biyu don kumburi ya sauka, alhali wannan ƙara rage mata jini yake yi. Kuma ma'aikaci ɗaya yana iya kwana da gadaje masu yawa, ya yi shekaru bai taɓa ganin irin wannan ba. Duk uzuri ne da na sani, amma awannin da suka wuce tsakanin ihun farko da wuƙa, su ne ke yanke yawan naman da zai rayu. Kana da haƙƙin ka ji yadda daren ya kasance.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Ka nemi zama da likitan da ya yi aikin, a ofishinsa, ba a tsaye a baranda ba. Ka tafi da Kawu, ya ji da kunnensa, amma ku yi alkawari tun daga gida kai ne mai magana. Ka roƙi kwafin rahoton tiyata na farko da na biyu, da takardar da mai ba da barci ya cika, da ta masu jinya ta daren. A cikinsu ake rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka gama, yadda aka kwantar da shi, yadda tansiyon ya kasance, da ƙarfe nawa aka yi masa kowace allura. Ka tambaya ko an sauke ƙafar a tsakiyar aiki, ƙarfe nawa aka sanar da likita, da kuma abin da ya fi duka amfani gare ku yanzu: da aka buɗe, wane nama aka tarar da rai, wanne aka yanke aka zubar. In amsoshin ba su gamsar da ku ba, akwai shugaban asibiti, akwai hukumar likitoci ta ƙasa mai ladabtar da ƴaƴanta, akwai kotu. Hanya a buɗe take, kuma ba zan ce muku kada ku bi ta ba. Ra'ayina dai shi ne, ƙara ba ta tafiya sai da takardun nan, tana cin lokaci da kuɗi, kuma jakar da za ta tafi can a watannin nan ƙafar ta fi bukatarta. Takarda ba ta ruɓewa, ƙafa kuwa tana sandarewa. Ku kuma tuna wannan likitan ne zai ci gaba da duba ƙarfen cinya, kada a yi rabuwar baram-baram. Sa hannun da ka yi izinin aiki ne, bai ɗauke wa kowa nauyin kula ba, bai kuma ɗora maka laifin abin da ya faru bayan an rufe ƙofa ba.

Baƙin fitsarin nan, mai kalar shayin farko, kada ka manta da shi don ya wuce. Tsoka in ta mutu tana sakin wani sinadari cikin jini wanda ke toshe ƙoda, shi ne ya rina fitsarin. A sake yi masa awon jinin ƙoda, wanda ake kira kiriyatinin. Ya riƙa shan ruwa sosai. Kuma ka hana shi magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, musamman na masu talla a faranti, don ƙodar da ta sha wuya ba ta son su. Zogin jijiya mai kama da wuta ko tsirar allura yakan taso da dare, yana da nasa magani dabam da likita zai rubuta. Ina jan kunnenka kan tiramol. Ka san yadda ya yi wa samarinmu, balle masu moto, kuma saurayin da ke kwance da ciwo da baƙin ciki shi ne wanda ya fi saurin faɗawa. Abokansa za su kawo masa don tausayi.

Zai taka? Da yardar Allah zai taka. Ko ƙafar za ta koma kamar da, wannan ne ba zan yi maka alkawari ba. Abin da ka kwatanta ya nuna ɗakin gaba ne ya fi shan wuya, kuma dama shi ne ya fi saurin kamuwa. A cikinsa tsokokin da ke ɗaga ƙafa da yatsu suke, a cikinsa kuma jijiyar da ke kai ji ga ɗan wurin nan tsakanin babban yatsa da na biyu take bi. In jijiyar ce ta sha matsi amma tsoka tana da rai, motsi yana dawowa. Jijiya tana tsiro kamar milimita ɗaya a rana, santimita uku a wata, don haka ana maganar watanni ne, har shekara ko fiye. In kuwa tsokar ce ta mutu, ba ta sake fitowa, tabo ne ke maye gurbinta. Shi ya sa na ce ka tambayi abin da aka tarar da aka buɗe.

Ko wanne ne, aikin watannin nan ɗaya ne: kada idon sawu ya sandare. Ƙafar da ba ta ɗaguwa, tsokokin baya suna janta ƙasa a hankali, har ranar da ko jijiya ta farfaɗo dunduniya ba ta iya taɓa ƙasa. Ya samu mai kine, wato ma'aikacin asibiti mai farfaɗo da gaɓoɓi, ya nuna masa motsa jiki, ya kuma riƙa yi a gida sau da yawa a rana: ya zauna ya miƙe ƙafa, ya saƙala rawani ko tawul a tafinta, ya jawo a hankali ya riƙe. A yi masa mariƙin roba mai siffar kusurwa, wanda ke bin bayan sharaɓa ya shiga ƙarƙashin tafi, a sa cikin takalmi. Masu haɗa ƙafar roba a manyan asibitocin Yamai suna yin irinsa. Da shi zai daina tuntuɓe, abin da ke da muhimmanci ga mai ƙarfe a ɗaya cinyar, don faɗuwa yanzu ba ƙaramar asara ba ce. Yaushe zai fara ɗora nauyi a dama, wannan na likitan ƙashi ne bayan ya ga hoto. In shekara ta zagayo ba motsi, akwai aikin da ake ɗauko jijiyar wata tsoka mai rai daga baya a dasa ta a gaba ta riƙa ɗaga ƙafar.

Na san tunanin da yake yi da dare, ko bai faɗa maka ba. Da ƙafar hagu ake canza giyar moto, kuma da ɗaga yatsu ake yi. Ka gaya masa moto da yawa na kabu-kabu suna da matakin giya mai baki biyu, gaba da baya, ana dannawa da dunduniya. Ba yau ba ne, ba gobe ba, amma ya san ƙofar abincinsa ba a kulle take ba. Saurayi in ya yanke ƙauna, kine ma ba ya zuwa.

Saura Inna. Kada ka yi gardamar jifa da ita, ba za ka ci ba, kuma ba ka bukatar ci. Ka zauna kusa da ita ka tuna mata yaron da ta sani wanda ɗori mai tsauri ya shanye wa hannu, kowane gari akwai shi, ka ce irinsa ne ya so ya kama ɗanta Allah ya tsare. Addu'a da sadaka da rubutu, ta yi iyakar iyawarta. Abin da za ka tsaya a kai ko da za a yi fushi da kai shi ne gashi da matsa da tsaga. Fatar da ba ta ji ba ta san zafi ba, za a ƙona shi yana murmushi. Fatar da aka dasa siririya ce, murza ɗaya ta ishe ta saɓulewa. Matsa kuma a jikin mai ƙarfe cikin ƙashin da bai gama kamawa ba, garin neman gira a rasa ido ke nan. Ko rairayin Tawa da tsakar rana ya isa ya tayar masa da ƙuna, don haka ba tafiya ba takalmi, ba zama kusa da garwashin shayi da ƙafa a miƙe.

Uwa ba ta iya naɗe hannu tana kallo, shi ya sa in ka hana ta wani abu sai ka ba ta wani. In da hali ka kawo ta Yamai ta zauna da ku watannin kine na farko. Inda ciwo ya rufe sarai, ita za ta riƙa shafa masa man kaɗanya a hankali don fatar ta yi laushi, ta rufe wurin daga rana. Ita za ta riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare da fitila, ko akwai ƙaya ko ƙuna da bai ji ba. Ita za ta riƙe bakin rawani in ya gaji. In lokacin komawa gida ya yi, likitansa ya rubuta takardar da za a ci gaba da duba shi a babban asibitin Tawa.

Takardar sallamar nan kuma a yi mata kwafi a adana. Wata rana ana iya cewa a cire ƙarfen, ko wani aikin ya taso, duk wanda zai sa shi barci a nuna masa kafin a hau tebur. Kai kuma yau da dare ka sa ya kwanta, ka ɗora yatsanka a gaban ƙwaurinsa kusa da tabon waje, ka ce ya yi ƙoƙarin ɗaga babban yatsa. Ko yatsan bai motsa ba, in ka ji wani ɗan motsi a ƙarƙashin fata, rubuta ranar a littafi ka kai wa mai kine. Ka riƙa yi duk Juma'a, bayan wata uku ka sake rubuto mini abin da ka gani.